Zama ɗan ikilisiya a Saudiyya: abin da 'yan'uwa suka ce

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga doguwar maganar da muka yi a kan yadda Kiristocin da ke zaune a Saudiyya ke tafiyar da zumuntar ikilisiya.

1. Kowa ya yarda cewa ba ginin majami'a a ƙasar nan, kuma Lahadi ranar aiki ce. Yawanci ana taruwa a gida ranar Juma'a, mutum kaɗan, ba ganga ba lasifika, don girmama doka da maƙwabta.

2. Na Dammam da Khobar sun ce sukan bi gadar Sarki Fahd zuwa Bahrain don jibin Ubangiji ko baftisma. Na Jidda da Riyad sun ce tafiyar ta yi musu nisa da tsada.

3. A kan zakka aka rabu. Wasu suka ce a aika wa ikilisiyarka ta ƙasar da ka fito, tunda can sunanka yake, can za a ɗaura maka aure, can za a binne ka. Wasu suka ce waɗanda suka kwana da kai a asibiti, suka haɗa maka kuɗin jirgi, su ne ikilisiyarka yanzu. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da masu cewa a raba biyu.

4. Bambancin ɗariku irin su ECWA, COCIN, EYN da Katolika: kusan kowa ya ce a ajiye shi a bakin ƙofa.

5. Mata masu aikin gida ba sa samun fita. An roƙi zumuntar mata ta riƙa kiransu a waya kowane mako.