Da gaske an samo maganin sikila?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana yana da sikila, jiya ma ban runtsa ba, ina ta gasa masa gwiwoyi. Wai masana sun gano yadda ake gyara ƙwayar halitta?

Ɗalibin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne. Dabarar CRISPR ce, wadda Jennifer Doudna ta Jami'ar Kalifoniya da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012. Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin sikila da aka samar da wannan dabarar, a 2023. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, a gyara su su riƙa samar da irin jinin jariri, sannan a mayar masa.

Malama: Sai dai kafin a mayar, sai an kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi. Kuɗin Casgevy a Amurka ya haura dala miliyan 2. Allah ya ba shi lafiya.

Maman Biyu: Amin, na gode.