Ƙanwata na son aikin asibiti: wane kwas za ta cike a JAMB?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta gama sakandare a ɓangaren kimiyya, tana da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Burinta likitanci. Wasu sun ce idan maki bai kai ba ta karɓi Fiziyoloji ko Maikurobayoloji, daga baya ta sauya. Wasu kuma sun ce ta tafi makarantar jinya kawai. A gida ba mu da ƙarfin maimaita karatu sau biyu. Masana, a ba mu shawara.

Malamin Lab:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku duba sunan kwas, ku tambaya: idan ta gama, akwai hukumar da za ta ba ta lasisin taɓa majinyaci? Likitanci da likitancin haƙori suna ƙarƙashin MDCN, hukumar likitoci ta ƙasa, shekara 6 ne, sai shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin bautar ƙasa. Digirin jinya shekara 5, lasisinsa daga NMCN, hukumar jinya da ungozoma. Kimiyyar gwaje-gwajen asibiti shekara 5, hukumarta MLSCN. Ɗaukar hoton asibiti, irin su X-ray, shekara 5. Haɗa magunguna a tsarin Pharm.D shekara 6, hukumarsa PCN. Dukansu akwai shekarar horo bayan digiri.

Fiziyoloji, Anatomi, Bayokemistiri da Maikurobayoloji kuwa digiri ne na shekara 4 da ba lasisin asibiti a bayansa. Ba wai ba su da amfani ba, hanya ce ta koyarwa da bincike. Amma mai Maikurobayoloji ba zai sa hannu a sakamakon gwajin jini a matsayin masanin lab ba, ko da ya fi kowa sanin ƙwayoyin cuta. Nan ne yara da yawa ke faɗawa, don an ce musu "ai duk asibiti ne".

Batun sauyawa kuma, kada ku gina shiri a kansa. MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, gurbin a cike yake tun daga aji ɗaya. Wanda ya gama Fiziyoloji ya nemi shiga likitanci kai tsaye (Direct Entry), aji biyu zai koma, ya sake shekara 5, idan ma ya samu. Shekara 9 ke nan kafin horo.

Anti Nas:
Na yarda da Malamin Lab, sai dai kada a raina kwalejin jinya kamar wurin waɗanda jami'a ta ƙi. Yayanta, duba halin gidanku. A Jigawa akwai makarantun jinya da ungozoma a Birnin Kudu, Haɗejia da Ɓaɓura, a Kano akwai Madobi da Ɗambatta. Kusa da gida, kuɗin hanya da na abinci da sauƙi, kuma ana shiga ɗakin majinyata da wuri, hannu ya faɗa. Da lasisinta a hannu tana iya aiki, ta nemi digiri daga baya ta hanyar shiga kai tsaye.

Ungozoma mace a ƙauyukanmu ba ta rasa aiki. Mata da yawa ba sa zuwa awo ko haihuwa a asibiti idan namiji za su tarar, shi ya sa ake kawo su a makare da jijjiga ko zubar jini. Wanda ya san ɗakin haihuwa na babban asibitin Jahun ya san abin da nake faɗa.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne makarantu masu zaman kansu da suka cika gari. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a jerin da NMCN ta amince da su, kuma a tabbatar kwas ɗin da za ta yi shi aka amince wa, ba wani daban ba. Idan babu, za ta gama ta kasa zama jarrabawar hukuma, takardar ta zama ta ajiya. Haka ma CHEW, kwas ɗin ma'aikatan lafiyar al'umma, wanda ake yi shekara 3 a kwalejojin lafiya irin ta Jahun: aiki ne mai kyau a asibitin matakin farko, amma hukumarsa daban, ba ya mayar da mutum nas.

Dakta Gaya:
Ni dai kada a kashe mata gwiwa tun ba ta gwada ba. A JAMB darussa huɗu za ta zaɓa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fizis. Haɗin ɗaya ne ga likitanci, jinya, lab da magunguna, don haka karatun shiri bai canza ba. Ta cike likitanci a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. Sakamako na fitowa, ku kwatanta makinta da na waɗanda sashen ya ɗauka bara. Idan ya yi ƙasa, ku je cibiyar CBT, inda ake jarrabawar JAMB ta kwamfuta, a yi canjin kwas zuwa jinya ko lab kafin a rufe rajistar tantancewar jami'a. Masu jinkiri su ne jami'a ke tura wa kwas ɗin da ya rage.

Kurakurai uku da ke hana gurbi ko da maki ya kai: ba a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, ba, suna ko ranar haihuwa a NIN sun saɓa da na takardar makaranta, ko an haɗa sakamakon zama biyu alhali sashen zama ɗaya yake karɓa. Kuma idan tayin wani kwas ya bayyana a CAPS, kada mai shagon kwamfuta ya danna karɓa ba da saninta ba, domin da zarar an karɓa an rufe ƙofar wani tayin a shekarar.

Ta kuma sani shiga ba shi ne ƙarshe ba. Ana tace ɗalibai a ƙarshen aji ɗaya, sannan ga babbar jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri kafin a wuce asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni. Wanda ya faɗi ya ƙare damar maimaitawa, wani sashen ake mayar da shi.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri. Sakamakonta zama ɗaya ne, NECO. Sai dai a NIN an rubuta sunan kakanmu a madadin na mahaifinmu, gobe za mu fara da gyara wannan.