Baffana ya yi ritaya, yana so ya yi wata uku a gona wajen Daura: me za mu tanada?

Ɗan Kofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Baffana ya ajiye aiki, shekarunsa sun haura 65, kuma yawancin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta. Yanzu ya ce hutu yake so a gona, nesa da hayaniya, kamar wata uku. Akwai gonar dangi tsakanin Daura da Sandamu mai ɗaki biyu na ƙasa. Yana da hawan jini. Wane lokaci ya fi, kuma me za a gyara kafin ya tare?

Manomin Sandamu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lokaci shi ne rabin maganar. Kada ku kai shi a bazara, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, dattijo ba zai ji daɗi ba. Damina kuma sauro ne da hanyar da ruwa ke cinyewa, musamman a Agusta. Ni dai na fi son kaka, daga Oktoba: an girbe gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, abinci ya yi araha, gona cike da mutane.

Ɗakin kuwa, in rufin azara ne ku bar shi haka, ya fi na kwano sanyi da rana, ya fi ɗumi da dare. A dai ƙwanƙwasa kowace azara, wadda ta yi sautin rami gara ta cinye cikinta, a canza ta. A sake yaɓe, a toshe ramukan ɓera, a share ciyawa kamar taku goma kewaye da ɗakin. Rumbu kada ya matso kusa da makwanci: hatsi na jawo ɓera, ɓera na jawo maciji.

Kafin komai, ku kai shi ya gaida mai unguwa da dagaci. Baƙon da aka sani, kowa mai gadinsa ne. Yankin Daura ya fi yammacin jihar kwanciyar hankali, amma duk da haka a riƙa tambayar mutanen gari halin da ake ciki, kuma ban da tafiyar dare.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Malam, ka yi haƙuri, a batun kaka ban bi ka ba. Lokacin girbi ana yawan samun saran maciji, kuma sauro bai gama janyewa ba a Oktoba. Gara ya sauka tsakiyar Nuwamba ya tashi a Fabrairu. Illar hunturu ƙura ce da sanyin asuba, su kuwa bargo, takunkumi da man shafawa sun ishe su, sai dai in yana da asma.

Kububuwa ce abin tsoro a ƙasarmu. Ƙarama ce, kalarta ta saje da ƙasa, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa za ka ga dasashi na zubar da jini bayan sa'o'i, mutum na zaton ya tsira. In ta faru, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa da tsumma tamau. A cire zobe ko agogo, a ɗora ƙafar a jikin sanda kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ku tambaya tun yanzu wane asibiti ne ke da allurar dafin maciji, ku kuma ajiye lambar mai mota ko mai babur biyu da za su ɗaga waya da tsakar dare. Takalmi rufaffe da tocila dole ne, kuma a zazzage takalmin kowace safiya saboda kunama.

Maganin hawan jini a saya na wata ukun gaba ɗaya, da na'urar awo mai batir. Gidan sauro mai magani ko da hunturu ne. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji a ranar, kada a ce bari a ga gobe. Ruwan rijiya a tafasa shi, a zuba a randa mai murfi da moɗa guda wadda ba a ajiye ta ƙasa.

Mai haɗa sola:
Lissafin wuta ba wuya. Fanka ta DC, wato mai aiki kai tsaye da batir, mai wat 20 ta yi awa 10, wat-awa 200 ke nan. Ƙwai huɗu masu wat 5 na awa biyar, 100. Ka ƙara cajin waya da rediyo, duka bai wuce 350 a rana ba. Fanel mai wat 200 da batir 12V 100Ah sun wadatar, amma lallai da kwantirola, na'urar da ke daidaita caji, a tsakani, in ba haka ba batirin zai ƙone. Kada a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi, abin da ke kashe shi da wuri ke nan. Da hunturu ƙura na rufe fanel, a goge da jiƙaƙƙen tsumma duk kwana biyu, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Firij kuma ku manta da shi, wannan kayan ba zai ɗauka ba.

Ɗan Kofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan Nuwamba. Hajiya, ita na'urar awon, ta hannu ko ta damtse?

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Ta damtse, ta fi faɗin gaskiya. Ya zauna ya huta minti biyar kafin ya auna, safe da yamma, ya riƙa rubutawa a littafi.