Neman shawara: shin 30,031 tana rabuwa?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Wani ɗalibina ya ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ya samu 30,030, ya ƙara ɗaya. Ya dage cewa 30,031 ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, tunda 7, 31, 211 da 2,311 da ya samu ta wannan hanyar duk haka suke. Na gwada har 23 ban samu mai raba ta ba. A ina zan tsaya?

Amsa daga Ringim:
Wa alaikumus salam Malam. Ka yi saurin tsayawa. Ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta kusa kai taka: 173 sau 173 ya ba da 29,929, 174 sau 174 kuwa 30,276, ya wuce. Iyakarka 173 ke nan. Kuma ba kowace lamba za ka gwada ba, sai marasa rabuwa, su 40 ne daga 2 zuwa 173. Ga abin da ya biyo bayan 23: 29 ta bar saura 16, 31 ta bar 23, 37 ta bar 24, 41 ta bar 19, 43 ta bar 17, 47 ta bar 45, 53 ta bar 33. Sai 59: sau 509 daidai, ba saura.

A kula da kalkuletar waya. In an raba da 47 tana nuna 638.957, yara sai su rubuta 639 su ce ta rabu. A sa su ninka amsar su gani: 47 sau 639 ya zama 30,033.

Amsa daga Bichi:
Allah gafarta Malam, kada ka rage wa yaron nan gwiwa, hanyar Yuklid ya bi, masanin Iskandariyya na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Inda ya zame kaɗan ne. Ƙara ɗayan nan abin da yake tabbatarwa shi ne babu ɗaya daga cikin lambobi shidan da aka ninka da zai raba ta, kowanne zai bar saura ɗaya. Bai hana wata daga waje ta raba ta ba, ga 59 ta shigo. Da hakan ne ma Yuklid ya nuna lambobi marasa rabuwa ba su da ƙarshe.

Amsa daga wata malama a Gumel:
Ga yadda za ka rubuta a allo: 30,031 wutiri ce (biyu ba ta raba ta), mai rabuwa ce, masu raba ta huɗu ne kacal, 1, 59, 509 da ita kanta. 509 ba ta rabuwa, gwaji zuwa 19 ya isa. In ka tara ukun farko 569 ne, ƙasa da ita nesa, don haka tana cikin lambobi masu gibi, wato waɗanda jimillar masu raba su, ban da su kansu, ba ta kai su ba. Kafin ka kai ɗalibai nan, ba su ƙwayar gyada 91 su jera sahu-sahu daidai. Yawanci za su ce ba ta jeruwa, sai an kai sahu 7 na 13.