Yaya aka yi Dutsen Kufena ya tsaya shi kaɗai?

Ɗalibi daga Zariya: Malamai, ina neman bayani. An ce duwatsu irin su Kufena a can ƙarƙashin ƙasa suka daskare, to ta yaya suka fito sarari har suka yi wa filin da ke kewaye da su rata?

Malamin ilimin duwatsu: Ɗalibi, dutsen bai taso ba, ƙasar da ta rufe shi ce ta tafi. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohon ginshiƙin ƙasar Afirka ta Yamma, wato katafaren shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashin yankin, ya yi karo da yankunan da ke gabas da shi, tsaunuka suka ɗago, narkakken dutse kuma ya kutsa ƙarƙashinsu ya huce a hankali. Daga nan zaizaya ta yi ta cin tsaunukan. Ruwa yana bin tsaga ya ruɓar da dutse, don haka inda tsaga ta yi yawa ya zama ƙasa ya zaizaye, inda babu ita sosai ya tsira, kamar Kufena.

Mai karatu daga Jos: Malam, duwatsunmu masu kuza fa?

Malamin ilimin duwatsu: Waɗannan ƙannensu ne, shekarunsu ba su kai miliyan 200 ba, kuma saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, ba sakamakon karo ba. Jerinsu ya faro daga tsaunukan Azbin a Nijar, inda suka fi tsufa, shekarunsu suna raguwa yayin da aka nufo kudu.