Hoton ƙwaƙwalwar ƙanena sau biyu, sakamakon bai zo ɗaya ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena na fama da farfaɗiya, magani ya ƙi ci, yanzu likitoci na maganar tiyata. Kafin nan sun sa shi a na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, don gano inda magana take a ƙwaƙwalwarsa: a nuna masa harafi, ya riƙa kawo kalmomi a zuci. An yi sau biyu. Da na ga hotunan gabana ya faɗi, domin wuraren da suka yi ja a na farko ba su ne daidai a na biyu ba. Da wannan za a shiga kan mutum da wuƙa? Ku ba ni shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Aikina ke nan a ɗakin hoto. Na'urar ba tunani take gani ba, jini take bi. Inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka yi aiki, jini mai iskar oksijin na kwarara can, sai bayan kamar daƙiƙa 5 yake kai ƙololuwa. Masanin kimiyya Seiji Ogawa ya bayyana wannan hanya a 1990. Launin nan kuwa lissafi ne, an ja iyaka an ce abin da ya haura ta a shafa masa ja. A matsa iyakar kaɗan, taswira ta sauya. Ga motsin kai, ga gyangyaɗi, ga magungunan farfaɗiyar. Kuma tunda a zuci ake aikin, wa ya san ko hankalinsa ya tafi wani wuri?

Amsa ta biyu: Hajiya, tsoronki na da tushe. A 2020 mai bincike Maxwell Elliott da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen fMRI 90, suka samu ma'aunin daidaito tsakanin ɗauka da maimaici kusan 0.4 ne, alhali 1 ne cikakke. Ni dai tun daga nan nake taka-tsantsan da hotunan nan masu kyalli.

Amsa ta farko: Malam, gaskiya ne, amma wancan binciken ya haɗa ayyuka iri-iri, kuma ƙarfin siginar yake aunawa tsakanin mutane. Tambayar likitan tiyata daban ce: a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa magana take ko a dama? Wannan ta fi tsayuwa idan an maimaita. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, maganarsu a hagu take, sai dai a masu farfaɗiya an fi samun waɗanda suka saɓa, shi ya sa ake dubawa. 'Yar'uwa, duka hotunan ɓangare ɗaya suka nuna?

Amsa ta uku: Idan hotunan sun saɓa akwai gwajin Wada, a sa rabin ƙwaƙwalwa barci na 'yan mintuna a ga ko magana ta ɗauke. Wani lokaci ma a farke ake tiyatar, ana taɓa wurin da lantarki kaɗan mara lafiya na magana. Ki kuma tambaya da wane harshe aka gwada shi.

Mai tambaya: Na sake dubawa, dukansu hagu ne, faɗin jan ne ya bambanta. Harshen kuwa ba wanda ya tashi da shi ba ne. Ranar Litinin zan tambayi likitan wannan. Na gode, Allah ya bar zumunci.