Kwamfuta ta ce ruwa zai ci, kwamfuta ta ce ba zai ci ba, wanne zan bi?

Ɗan Mile 12:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Ina son sayen fili a wajen Isheri da ke gefen Legas, mai filin ya nuna min wani zane a waya wai injiniyansu ya yi lissafi da kwamfuta ruwa ba zai taɓa kaiwa wurin ba, sai kuma ƙanena ya turo min wata taswira a WhatsApp su Lekki da Ajah duk an shafe da ja wai zuwa 2050 teku ta cinye. To duka biyun kwamfuta ce ta fitar, ya ake gane na gaskiya? Kuɗin da na daɗe ina tarawa ne wallahi.

Mai Awon Ƙasa:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kwamfuta fa abin da aka zuba mata shi take dafawa, in aka ba ta awon da ba daidai ba haka za ta fito da zane mai kyau kuma ƙarya ne. Jar taswirar nan da alama ta Climate Central ce, wata ƙungiyar binciken sauyin yanayi ta Amurka, da suka fitar a 2019. Kafin su, yawancin lissafin tudun ƙasa da bayanan SRTM ake yi, wato awon da hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ta ɗauka daga sama a shekarar 2000, matsalarsa na'urar tana ɗaukar rufin gida da kan bishiya a matsayin ƙasa, sai gari mai cunkoso irin Legas ya fito ya fi yadda yake tudu. Da suka gyara wannan kaɗai sai adadin mutanen da ke cikin haɗari a duniya ya ninka kusan sau uku. Ka ga lissafi bai canza ba, awon da aka shigar ne ya canza. Amma ita taswirar tashin ruwan teku take nunawa, ba ruwanta da kwalbatin da leda ta toshe, ba ruwanta da dam. Shi kuma mai filin ka tambaye shi awon tudun wurin wa ya yi, a wace shekara, an taka ƙasar ne ko daga intanet aka sauke? Sannan ka ce su zuba ruwan saman da aka tafka a Legas ranar 10 ga Yuli 2011 a lissafin nasu, in bai nuna ambaliyar da kowa ya gani da idonsa ba to bai cancanci ka ɗora kuɗinka a kai ba.

Hajiyar Agiliti:
Ɗana ni ban san kwamfuta ba amma na san ruwan wajen nan. Isheri ba teku ke damunta ba, kogin Ogun ne, da an saki dam ɗin Oyan can wajen Abeokuta wajajen Satumba zuwa Oktoba sai ka ga ruwa ya shigo ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Tambayi mai filin, lissafin nasu ya sa dam a ciki? Ka je ka duba shatin ruwa a katangun maƙwabta, ka tambayi masu okada na layin.

Abu Hanan:
Maganar Hajiya gaskiya ce amma kar kuma mu watsar da lissafin gaba ɗaya, shatin bango abin da ya wuce yake faɗa maka, ba zai gaya maka abin da zai faru in aka cike fadamar da ke bayanka aka yi gini ba. Hukumar sa ido kan ruwa ta ƙasa, NIHSA, na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar yanayi ta NiMet na fitar da na damina, ka duba ƙaramar hukumar da filin yake. Ni abin da ya fi tsaya min a rai kalmar nan ce ta "ba zai taɓa ba". Injiniyan kirki cewa zai yi ruwa mai yawa kaza zai kai tsayi kaza, kuma lissafina zai iya kuskurewa da kaza. Sannan wa ya biya kuɗin lissafin, ba mai son sayar maka ba ne?

Ɗan Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Mai Awon Ƙasa, in na karɓo takardun zan turo maka ka duba min. Kuɗi kam ba zan ba da ba sai na ga filin a Oktoba.